A Cikin Kwando, a Saman Hijir

Shekara 14 ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a cikin garin Katsina, kuma babu shekarar da ban zana hoton nan a allo ba: ƙasa a ƙasa, rana a sama, kibiyoyi suna hawa. Iska in ta ɗauki zafi sai ta yi sama, in ta huce ta sauko. Yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su dawo mani da shi yadda na ba su. Ni ma haka aka ba ni. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana wannan karatun zai raba ƙafafuna da ƙasa ba.

Yayana ne sanadi. Likita ne, yana aiki a wani asibiti a Madina, shi ya biya mani kujerar umara bayan ƙaramar sallah, daidai hutun zango na biyu. A waya ya ce in mun gama ziyara akwai bikin balan-balan da ake yi a garin Al-Ula, arewa da Madina, irin manyan nan masu ɗaukar mutane a kwando, ya riga ya kama mana wuri.

Daren da zan bar gida na je sallama wurin Baba. Yana zaune a zaure bayan isha'i, inda ya fi shekara 40 yana biya wa almajirai karatu. Yanzu idanunsa sun yi rauni, da ka yake yi masu gyara. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana mashi yadda tafiyar za ta kasance, har na kawo kan Al-Ula.

Ya yi shiru, can ya ce, "Al-Ula ka ce? Ai nan ne Hijir."

"Kusa da shi ne, Baba."

"Garin mutanen Annabi Salihu." Sai ya jawo ayar Suratul Hijri mai ba da labarin waɗanda suke sassaƙa gidaje a jikin duwatsu suna ganin sun tsira. Ya bi ta da hadisin da na sha ji a bakinsa tun ina yaro: Manzon Allah (SAW) ya bi ta wurin a hanyarsa ta zuwa Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, ya ce wa sahabbai kada su shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai dai suna masu kuka. Ya lulluɓe kansa, ya ƙara sauri har ya ƙetare kwarin. Waɗanda suka ɗebi ruwa a rijiyoyin wurin aka ce su zubar, ƙullun da suka kwaɓa da shi a ba raƙuma.

"To wurin da aka wuce da sauri, yau shi ne wurin biki?"

Ba ni da amsa, ban kuma ƙirƙiro wata ba. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce kada in je, kuma da ya faɗa da shi ke nan.

"Ban hana ka ba," ya ce. "An ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, kai kuma aikinka ke nan. Amma kada ka sha ruwan wurin, kada kuma ka daɗe a kansu. In ka dawo ka faɗa mani abin da idonka ya gani. Ni ba na ganin hoton waya."

Labarin Makka da Madina ba nan ne wurinsa ba. Wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah ya kira shi.

Mun bar Madina bayan sallar asuba, ni da Yaya da Anti matarsa da ɗansu mai shekara 9. Na sa an loda katan biyu na ruwan roba a bayan mota, Yaya ya dube ni, na ce saƙon Baba ne, bai ƙara magana ba. Tafiyar ta ɗan haura kilomita 300, kamar ka je Kano daga Katsina ka juyo. Wajen Haibara ƙasar ta koma baƙa ƙirin, duwatsun tsohon aman wuta barbaje har iyakar ganinka, ba ciyawa ba inuwa. Daga nan sannu a hankali baƙin ya janye, rairayi ya fito, sai ga duwatsu jajaye tsaye a fili ɗaiɗai kamar rumbunan da masu su suka yi ƙaura suka bari.

Duwatsunmu na Dutsin-Ma da Kwatarkwashi masu tauri ne, sulɓi gare su, kamar bayan giwa. Waɗannan rairayi ne da ya dunƙule tun zamanin da ba a san adadinsa ba, in ka goga yatsa sai ka ji yana marmashewa. Iska da ruwan sama ɗan kaɗan da suke samu su suka yi ta ƙwaƙularsu har suka zama abin da suka zama. Akwai wanda suke kira Jabalul Fil, tsayinsa ya haura mita 50, da jiki da hanci har ƙasa, ba wanda ya sa mashi guduma. Na daɗe ina koya wa yara cewa iska tana sassaƙa dutse, su kuma suna kallona da ladabi irin na wanda bai yarda ba amma ba zai yi musu da malam ba. Ranar na so a ce duk suna bayan motar nan.

Garin kansa a cikin kwari yake, tsakanin katangu biyu na dutse, kuma kore ne shar. Dabino ya fi miliyan 2 a yankin. A ƙarƙashin dabinon sun dasa lemu, a ƙarƙashin lemun kuma ganyayyaki, kowa yana cin inuwar na samansa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wata bishiya da suke matse mai daga 'ya'yanta suna sayarwa da tsada a 'yan kwalabe. Da aka faɗi sunanta na gane 'yar'uwar zogalenmu ce, irin na hamada, mai siraran ganye. Anti ta riƙe kwalbar tana juyawa, ta ce, "Wanda muke kwaɗo da shi a bayan gida?"

Tsohon garin kuwa da na shiga sai na ji kamar ina cikin lungunan Katsina na da. Gidaje wajen 900 na tubalin ƙasa, manne da juna, bayansu ya haɗu ya zama ganuwa. Rufin da gangar dabino ne, yadda muke yi da azarar giginya. Har cikin shekarun 1980 akwai mutane a ciki, yanzu kuma ana ta gyara su da irin ƙasar da aka gina su da ita. A tsakiyar garin akwai wani ɗan gini da suke kira Tantora, da inuwarsa manoma suke gane shigowar sanyi da lokacin rabon ruwa. Ibn Batuta ya sauka a garin nan da ayarin mahajjatan Sham a 1326, ya ce mutanensa masu amana ne, alhazai kan bar rarar guzurinsu a hannunsu su wuce. Shi ne kuma bayan shekara 27 ya iso Takedda ya ambaci Gobir. Na tsaya a lungun ina tunanin ganuwarmu, wadda a kan idona ake ta yanka ta ana kafa shaguna. Raina bai yi daɗi ba.

Ƙarfe 4 na dare bas ta ɗauke mu zuwa filin tashi. A Katsina na baro zafin bazara mai hana barci, a nan kuwa sai da na ɗora rigar sanyi a kan kaftani. Filin rairayi ne shimfiɗe, motocin a-kori-kura sun jeru da fitilunsu, ana ta sauke kwanduna da tukwanen gas da manyan buhuna. Muka yi alwala da ruwanmu, muka yi sallah a gefe tare da wasu direbobi.

Sai na ga matuƙan sun taru wuri ɗaya, ɗayansu ya saki wata 'yar balan-balan irin ta yara, duk suka ɗaga kai suna bin ta da ido. Ta tashi tsaye na ɗan lokaci, can sai ta karkata, ta yi kudu a guje kamar an fizge ta. Ba su yi doguwar shawara ba. Aka sanar cewa yau ba tashi, iskar sama ta yi ƙarfi.

Mutane suka yi ta gunaguni, akwai wanda ya zo tun daga Japan. Ɗan Yaya har da hawaye. Ni kuwa wannan 'yar balan-balan ta tsaya mani a rai. A inda muke tsaye ko gefen rigata bai motsa ba, amma a saman kanmu kaɗan wata iska ce daban take gudu. Ashe iskar hawa-hawa ce, kowane hawa da inda ya dosa da irin saurinsa. Na san haka a takarda. Ranar na gani.

Ina yi wa yaron bayani da Hausa a bakin bas, sai direban, wani baƙin dattijo cikin farar jallabiya, ya leƙo ya ce, "Sannunku da hanya. Mutanen ina?"

Muka juya gaba ɗaya. Yaya ya ce Katsina. Ya dafa ƙirji ya ce shi kakarsa 'yar Daura ce. A Madina aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kakar ta fito tana yarinya tare da iyayenta, a ƙafa, ta Borno da Fallomi, wato Njamena ta yau, da Fashir har bakin teku a Sawakin, shekaru suna tafe suna tsayawa yin ƙodago. Hausarsa ta tsofaffi ce, Larabci yana cike mata gurbi, kuma "Malam" yake ce mani da wani irin nauyi da na daɗe ban ji ba. Abu ɗaya ya tambaye ni: rijiyar Kusugu har yanzu da ruwa? Na ce da ruwa, Alhaji, an yi mata ɗaki, ana zuwa ana sha. Ya yi ta jinjina kai. Da na ba shi labarin abin da Baba ya ce, sai ya ce kakarsa ma ko sunan wurin aka ambata sai ta yi ta'awwuzi. Shi yana kai baƙi kullum, amma bai taɓa cin abinci a ciki ba.

Tunda safiyar ta kuɓuce, muka bi ayarin masu zuwa Hijir ɗin, kilomita 20 da 'yan kai arewa da gari. Ba a shiga da motar kai, a bas ɗinsu ake zagayawa da mai bayani. Namu wani saurayi ne ɗan garin. Ya ce waɗannan ƙofofi da ake gani a jikin duwatsu kaburbura ne, guda 111, na wata al'umma da ake kira Nabatawa, masu fataucin turare, waɗanda babban birninsu ke Petra a ƙasar Jodan ta yau. Rubutun da ke saman ƙofofin yana ɗauke da sunan mai kabarin da shekarar da aka sassaƙa, akasari a ƙarni na 1 miladiyya, kafin Rumawa su haɗiye daularsu a shekara ta 106. Masu binciken kufai suna cewa Samudawa, mutanen Annabi Salihu, sun riga su da nisa. A 2008 wurin ya zama na farko a Saudiyya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya.

Na saurara da kyau, kuma ban ga dalilin musanta abin da aka karanta a jikin dutse ba. Sai dai bayanin bai sauke mani nauyin da na zo da shi ba. Ko wane ne ya sassaƙa ƙofofin, kwarin dai shi ne kwarin, sunan shi ne sunan, kuma ta nan aka lulluɓe kai aka wuce. Malamai da dama sun ce a je domin wa'aztuwa, ba domin shaƙatawa ba. Da wannan na riƙe.

Na sauka a gaban wanda suke kira Ƙasrul Farid, dutse guda tilo a fili, an sassaƙa fuskarsa tun daga sama. Daga sama suke farawa su yi ƙasa, shi ya sa samansa sumul, ƙasansa kuwa har yau ga sawun kurfi nan rututu, aikin bai ƙare ba. Wani ya biya kuɗi, wasu sun hau da igiya sun yi shekaru suna sara, sannan wata rana aka ajiye kayan aiki ba a dawo ba. Na kai hannu kusa da sawun ban taɓa ba. A gefena ana ta ɗaukar hoto ana dariya. Ban ga laifinsu ba, ba su zauna a zauren da na zauna ba. Na koma cikin bas na jira su, na sha ruwan Madina.

Da daddare aka yi abin da suke kira hasken dare. Balan-balan ɗin suna ɗaure a ƙasa, a jere, sai a kashe fitilu, matuƙan su riƙa sakin wuta tare bisa sautin kiɗa. Kowace ta haskaka daga ciki kamar fitilar ƙwai mai girman bene, ja da kore da ruwan ɗorawa, duwatsun bayansu su fito su ɓace. A 2022 sun kunna 142 a dare ɗaya a nan, har aka rubuta masu a kundin Guinness. Abin ya yi kyau ƙwarai, ɗan Yaya ya manta kukansa na safe. Amma biki ne na mai hali. Kuɗin kujera ɗaya a kwando, da na ji Yaya ya faɗa, ban iya haɗa shi da albashina ba.

Washegari 'yar balan-balan ta tashi tsaye, ta karkata a hankali. Filin ya kaure da motsi.

Matuƙiyarmu wata Baturiya ce da ta manyanta, fuskarta duk rana ta ƙona. Aka kwantar da kwandon a gefensa, aka jawo yadin daga buhu aka shimfiɗa a rairayi, tsawonsa ya fi na motar tirela. Mutum biyu suka buɗe bakin, aka kunna wata ƙatuwar fanka mai inji tana cusa iska mai sanyi, yadin ya riƙa kumbura yana birgima kamar dabbar da ke farkawa. Ta shiga ciki da ƙafarta tana duba igiyoyi. Da ta fito ta durƙusa bayan murhun ta saki wuta. Harshen ya yi tsawon mutum biyu, da ƙara kamar rurin zaki, zafin ya daki fuskata daga nesa. Cikin 'yan mintoci abin da ke kwance ya miƙe tsaye, ya ja kwandon ya zaunar da shi.

Kwandon saƙa ne na gaske, irin na itacen kaba mai lanƙwasa, an raba shi gida-gida. Na tambaye ta me ya sa har yau ba a koma ƙarfe ba. Ta ce saƙa tana shanye duka in an sauka da ƙarfi, ƙarfe kuwa miƙa wa fasinja zai yi. Iskar da ke cikin yadin tana kai wa digiri 100. Na yi lissafi a kaina: iskar da za ta cika ɗaki mai mita 4 a tsaye, 4 a kwance, 3 a sama, in ka ɗumama ta haka, abin da za ta ɗaga bai wuce kilo 13 ba, kwatan buhun siminti. Shi ya sa sai an yi yadin ya kai girman masallacin unguwa kafin ya ɗauki mutum 9 da tukwanensu. Wasu 'yan'uwa biyu masu sana'ar takarda a Faransa, 'yan gidan Mongolfiye, su suka fara a 1783. Da farko tunkiya da agwagwa da zakara suka ɗora, sai a watan Nuwamba na shekarar mutum biyu suka tashi a Paris na kusan minti 25, suna ƙona tattaka. Murhun gas ɗin nan sai a 1960 aka fara tashi da shi a Amurka. Matuƙiyar ta ce a can ne ake taro mafi girma, a hamadar Niyu Meziko, duk watan Oktoba, an fara da 13 a 1972, yanzu sun haura 500.

Anti ta ce ita a ƙasa za ta jira mu. Muka hau, Yaya ya karanta addu'ar hawa abin hawa, muka amsa. Ya tuna mana cewa sunna ce in ana hawa a yi kabbara, in ana gangara a yi tasbihi.

Ban ji lokacin da muka tashi ba. Ba girgiza, ba gudu irin na jirgi. Na ga dai Anti tana ƙanƙancewa tana ɗaga hannu, motoci suna komawa kamar akwatin ashana. Allahu Akbar. Da ta saki maƙunnin wutar sai shiru ya rufe mu, irin shirun da ban taɓa ji ba ko a gona. Daga can ƙasa na ji carar zakara sarai, da bugun injin ban-ruwa a wata gonar dabino, da tarin wani mutum a kwandon da ke gefenmu. Rana ta leƙo ta bayan duwatsu, sai ga sauran balan-balan ɗin ko'ina, sama da mu da ƙasa da mu, na ƙirga har 40 lissafi ya ɓace mani. Inuwarsu tana tafiya a kan rairayi.

Ɗan Yaya ya ce, "Kawu, ina iskar?" Ya zaro hankicinsa ya riƙe a waje, ya rataya tsaye ko motsi. Muna tafiya, duwatsu suna wucewa a ƙarƙashinmu, amma ba iskar da ke taɓa fuska, domin mu da ita tafiyarmu ɗaya. Abin ba shi da sitiyari, ba shi da birki. Abin da ke hannun matuƙiya biyu ne: wuta in tana son hawa, da wata igiya mai buɗe ƙofa a ƙololuwar yadin in tana son sauka. Inda za a dosa kuwa sai ta nemi hawan iskar da ya nufi can ta shiga cikinsa.

Sai na ga ƙofofin.

Daga sama suka fito a jikin duwatsu, baƙaƙen ramuka a jere, rana tana dukan fuskokinsu. Iskar da muke ciki ta ɗauke mu kai tsaye zuwa kansu, kuma a hankali take tafiya, tafiyar da ba ta fi ta mai kiwo ba. Sauran fasinjojin suka yi shewa suka ɗaga wayoyi. Ni kuwa muryar Baba ce ta cika mani kunne: kada ka daɗe a kansu. A ƙasa na iya komawa bas. A nan ina cikin kwando, ba linzami, ba abin zabura. Ga Ƙasrul Farid can shi kaɗai, ga bakunan tsofaffin rijiyoyi a fili, ga mu muna rataye a sama kamar an dasa mu. Na ja hular rigar sanyina na rufe kaina. Ban yi niyyar kuka ba, amma ya zo, kuma ban tare shi ba. Yaya ya dube ni, ya sauke wayarsa, ya sa hannu a kafaɗar ɗansa.

Na matsa kusa da matuƙiyar na ce da Turanci, a hankali, ko akwai yadda za a ƙara sauri a nan. Ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni dalili ba. Ta ce a wannan hawan babu, amma akwai wata iska a sama da ta fi wannan gudu, ta gan ta tun da safe. Ta danna maƙunnin ta riƙe. Wutar ta yi ruri a kanmu har na ji zafinta ta cikin hula. Daƙiƙoƙi suka wuce ba abin da ya canza, domin abin ba ya amsawa nan take. Sannan ƙasa ta fara nisa. Kwandon ya ɗan juya, na ji wani sanyi ya shafi kumatuna sau ɗaya, alamar mun shiga wata iskar, sai ya ɗauke. Da na leƙa, ƙofofin suna ja da baya.

Daga wannan tsayin kwarin duka ya bayyana: kore siriri kamar zare a tsakiyar ja, tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz da Turkawa suka kai Madina a 1908, da hanyar da ayari suka bi shekaru aru-aru, dole ta nan, domin nan ne ruwa yake.

Mun yi kusan awa ɗaya. Da rana ta fara ɗumama rairayi dole a sauka, don iskar ƙasa takan fara tashi tana murɗawa, irin wadda ke zama guguwa a filayenmu da rani. Ta ce mu juya baya ga inda muka dosa, mu riƙe igiyoyin ciki, mu lanƙwasa gwiwa. Subhanallah. Kwandon ya daki ƙasa, ya yi tsalle, ya ja kaɗan, ya tsaya. Motar da ke bin mu tun tashinmu ta iso da ƙura. Kafin mu rabu na yi mata godiya, ta riƙe hannunta a ƙirji yadda ta ga ana yi.

Na dawo Katsina ana jiran ruwan farko. Bayan isha'i na shiga zaure na zauna, na faɗa wa Baba komai, tun daga baƙin dutsen Haibara har jikan 'yar Daura. Da na zo kan ƙofofin da abin da matuƙiyar ta yi, ya tsayar da ni.

"Ta yi sama don ku yi sauri?"

"Ƙwarai, Baba. Ta sama ta fi gudu."

Ya daɗe yana jan carbi. "Ita ta san hadisin?"

"Ban faɗa mata ba."

"Allah ya saka mata," ya ce.

Sai da na jira watan Nuwamba, sanyi ya fara shigowa amma ƙurar hunturu ba ta sauko ba. Na sayi manyan baƙaƙen ledojin shara, marasa kauri, ni da 'yan ajina muka farke su muka haɗa da salatif har suka zama wani dogon buhu. Kafin in kai shi makaranta na ce bari in gwada a filin da ke bayan gidanmu. Ranar Asabar da sassafe almajiran Baba suka riƙe bakin suka yi gudu da shi har ya cika da iska, muka ɗaure, na ƙulla mashi zaren ɗinki mai ƙarfi da na karɓo wurin Inna. Muka ajiye shi a rana. Ba wuta, ba gas, baƙin ledar kawai yana shan hantsi.

Minti 10 ba abin da ya faru, yara suka fara kallona. Can sai gefe ɗaya ya ɗaga. Ya yi birgima, ya miƙe, ya rabu da ƙasa, ya wuce tsayin katanga, ya wuce darbejiya. Ihun yaran ne ya fito da Baba, wani almajiri yana riƙe da hannunsa.

"Ya tashi?"

"Ya tashi, Baba."

"Ba ni in ji."

Na sa mashi zaren a hannu. Ya naɗe shi a yatsa, ya ɗaga fuskarsa sama inda ba ya gani, zaren yana ja yana saki.

"Ƙara mashi zare," ya ce. "Akwai sauran tsawo?"